Digiri Na Biyu: Mu Nemi Tambaya Kafin Mu Sayi Fom

Duk shekara, idan wa'adin bautar ƙasa ya ƙare, akan ji magana guda tana yawo tsakanin matasanmu masu digiri, daga Nima da Sabon Zango a Ankara har zuwa Aboabo a Kumasi: tunda aiki bai samu ba, gara mutum ya koma jami'a ya ƙaro digiri na biyu. Iyaye su yi na'am, a haɗa kuɗin fom, a shiga neman gurbi. Abin farin ciki ne a ce zangon da aka daɗe ana yi wa gorin gudun boko, yau shi ne ke da 'ya'ya maza da mata masu hangen digiri na biyu da na uku. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba kafin a biya kuɗin, alhali ita ce ke raba wanda zai fito da ilimi da wanda zai fito da takarda kawai: me kake son ka gano? A ganina shirin karatun bincike daga nan yake farawa, kuma ɗan zangon Gana ya fi kowa dalilin neman tambayarsa a ƙofar gida.

Da farko sai mu bambance abin da ake kira digiri na biyu, domin suna ɗaya ne ya rufe abubuwa biyu. A Jami'ar Gana da ke Legon, da sauran jami'o'inmu, akwai kwas na shekara ɗaya irin M.A., wanda yawancinsa zaman aji ne da jarrabawa da ɗan taƙaitaccen rubutu a ƙarshe. Akwai kuma M.Phil. na shekara biyu, inda ake shafe shekarar farko ana ɗaukar darasi, a keɓe ta biyu kacokan ga bincike da rubuta kundi. Daga nan ake hawa zuwa digiri na uku, wanda a Legon shekara huɗu ne ga wanda ya ba shi cikakken lokacinsa. Ma'aikacin banki ko ofis da ke neman ƙarin girma, kwas na shekara ɗaya ya ishe shi, kuma babu abin kunya a ciki. Amma mai burin koyarwa a jami'a ko zama mai bincike, hanyarsa ta M.Phil. ce. Da yawa sai sun kashe kuɗi da shekara sannan su fahimci motar da suka shiga ba ta zuwa garin da suka nufa. A digiri na farko ana tambayarka abin da wasu suka riga suka sani. A digirin bincike kai ne za ka kawo abin da ba a sani ba, komai ƙanƙantarsa. Wanda ya shiga hannu rabbana, malami zai miƙa masa batun da ya rage a aljihun tebur, ya shekara biyu yana ɗauke da shi kamar ɗan dako, bai damu da abin da ke cikin kayan ba.

To, ina ɗan zango zai samo tambaya? Tarihin rubutu a kan al'ummarmu shi zai nuna mana. An haifi Alhaji Umaru na Kete-Krachi a Kano wajen shekarar 1858. Ya biyo hanyar fatake zuwa Salaga, kuma bayan yaƙin basasar da ya tarwatsa garin a 1892 ya koma Kete-Krachi, inda ya yi limanci da koyarwa har ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da Hausar ajami a kan zuwan Turawa, da tarihin ƙasashen Hausa, da sana'o'in mutane da al'adunsu. Kaso mai yawa na rubutunsa na zube ya yi shi ne ga Jamusawa biyu, Gottlob Adolf Krause da Adam Mischlich, su kuma suka tafi da shi Turai. Bayan shekaru masu yawa, Douglas Ferguson ya sami digiri na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1973 da fassarar wani sashe na rubutun, sannan masanin nan na ƙasar Poland, Stanisław Piłaszewicz, ya shafe shekaru yana nazari da buga wani sashen. Tsohon garin da malamin ya zauna kuwa yana ƙarƙashin ruwan Tafkin Volta tun bayan gina madatsar Akosombo.

Haka zancen ya yi ta maimaita kansa. Tatsuniyoyi da al'adun Hausa da R. S. Rattray ya buga a 1913, Malam Shaihu ne ya rubuta su da ajami a nan ƙasar. Ɗaruruwan littattafan hannu na Larabci da ajami da ke Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a hukumance a 1963, Ivor Wilks ne ya jagoranci tattara su a shekarun 1960, Alhaji Usmanu Boyo kuma shi ya yi ta bin gidajen malamai gari gari yana nemo su. Enid Schildkrout ta buga nazarinta a kan zangon Kumasi a 1978, Paul Lovejoy ya buga nasa a kan fataucin goro a 1980, Deborah Pellow ta yi nata a kan Sabon Zangon Ankara da Malam Baƙo ya kafa. Babu abin zargi a kan waɗannan mutane. Sun bar ƙasashensu, sun koyi harshe, sun sha rana, kuma da ba don su ba da abubuwa da yawa sun salwanta. Abin lura dai shi ne matsayin da namu suka riƙa tsayawa a kai: mai ba da labari, tafinta, mai nuna hanya. Mahdi Adamu, wanda ya buga littafinsa a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma a 1978, ya nuna cewa Bahaushe yana iya zama shi ne mai alƙalamin. Shi daga Nijeriya ya fito. Lokaci ya yi da za a ga sunayen 'ya'yan Nima da Aboabo da Salaga da yawa a bangon irin waɗannan littattafai.

Ɗan zango yana riƙe da jarin da baƙo ke kashe shekaru da kuɗi kafin ya sami rabinsa. Yana jin Hausa tun daga nono, kuma sau da yawa yana jin Twi ko Ga ko Dagbanci. Idan ya yi makarantar allo, idonsa ya saba da baƙaƙen Larabci, saboda haka karanta ajami ba zai ɗauke shi dogon lokaci ba. Tsohuwar da ba za ta buɗe baki gaban baƙo ba za ta zauna da shi, domin ta san kakarsa. Amma jarin nan yana da wa'adi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardun zama mako biyu su bar ƙasa, aka raba iyalai, aka yi gwanjon gidaje da shaguna, zanguna suka girgiza. Wanda yake da shekara 20 a lokacin, yau ya haura 70. Idan ba a zauna da su an ɗauki maganarsu a 'yan shekarun nan ba, abin da zai rage shi ne abin da jami'an gwamnati suka rubuta a fayil. Haka nan littattafan kakanninmu da ke cikin akwatuna, gara tana ci, ruwan sama yana jiƙawa, magada kuma ba duka ne suka san darajarsu ba.

Kada a ɗauka batun na masu tarihi ne kaɗai. Mai sha'awar ilimin harshe yana da Hausarmu ta Gana, wadda masana ke kira Gananci, wadda ta sassauta bambancin namiji da mace da nahawun Hausar Kano ke riƙe da shi, ta kuma ɗebi kalmomi daga maƙwabta. Mai nazarin ilimi yana iya tambayar yadda aka yi Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnati ta amince a koyar a makarantu, alhali gidan rediyon ƙasa ya daɗe yana watsa shirye-shirye da ita, ko ya auna abin da Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa a 1987 ya canza a makarantunmu. Mai nazarin mulki yana da Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017: ina kuɗin ya shiga, wa ya zaɓi ayyukan, me ya tsaya da ƙafarsa? Mai ilimin tattalin arziki yana da iyayenmu mata masu koko da ƙosai da wake da shinkafa, waɗanda da ribarsu da adashinsu aka biya wa yawancinmu kuɗin makaranta. Mai ilimin tsara birane yana da magudanan Nima da ambaliyar damina. Mai ilimin shari'a yana da gidajen gado da magada talatin ke zaune a ciki ba a raba ba. Idan ba mu auna waɗannan da kanmu ba, wasu za su auna mana, kuma da alƙalumansu za a yanke mana hukunci a majalisa da ma'aikatu.

Sai dai batu daban, tambaya daban. "Tarihin Hausawa a Gana" batu ne da ran mutum ɗaya ba zai ishe shi ba. Amma idan ɗalibi ya ce zai binciki yadda mahautan zangon Kumasi suka sake tsara kasuwancinsu a shekaru goma bayan korar 1969, ya sami wuri, ya sami lokaci, ya san mutanen da zai nema da takardun da zai buɗe. Ma'aunin tambaya mai kyau shi ne ka iya faɗa wa mahaifiyarka ita da Hausa cikin numfashi biyu ta gane, sannan ka iya nuna wa malami inda za ka samo amsarta cikin shekara guda da kuɗin da ke hannunka. Kafin ka tsayar da ita, je ɗakin karatu na Balme a Legon, ko ka shiga ma'ajiyar kundaye ta jami'ar a intanet, ka karanta abin da aka riga aka rubuta. Babu takaicin da ya kai a ce ka yi wata shida kana haƙa rijiya, ashe ga wata nan kusa an daɗe da ginawa.

Bayan tambaya sai malami mai duba aiki, kuma shi ya kamata a zaɓa kafin a zaɓi jami'a. Sunan jami'a ba ya karanta babi, ba ya gyara kuskure. Nemi wanda ya yi rubutu kusa da batunka, karanta aƙalla maƙalarsa biyu, sannan ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa mai ladabi da shafi ɗaya na abin da kake son yi. Tambayi tsofaffin ɗalibansa: yana mayar da aiki a kan lokaci? Nawa suka gama a hannunsa? Mai tsara birane zai fi samun abokin tafiya a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah a Kumasi, mai nazarin raya karkara a Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale. Wanda kuma harshen Hausa da adabinta ne burinsa, ya tuna cewa Jami'ar Bayero a Kano, da Ahmadu Bello a Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato suna ba da digiri a wannan fanni har zuwa na uku, kuma ɗan Gana ba ya bukatar biza kafin ya shiga Nijeriya. Abin da zai kai musu, wato Hausar zango da rubutun malamanta, abu ne da ba su da shi a ƙofar gida.

Sannan sai kayan aiki. Turancin hira da Turancin kundi ba ɗaya ba ne, kuma na biyun sai da yawan karatu da yawan rubutu yake samuwa. Hausar da muke ji ma sai an koyi ƙa'idar rubuta ta. Mai son littattafan hannu sai ya ƙarfafa Larabcinsa. Mai son tarihin gabashin Volta ya sani cewa Kete-Krachi tana hannun Jamusawa har 1914, saboda haka takardun wancan zamani da Jamusanci suke. Mai son bin dangantakarmu da Togo da Burkina Faso da Nijar zai bukaci Faransanci. Mai nazarin lafiya ko tattalin arziki kuwa ba zai tsira daga ilimin ƙididdiga ba. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa tana da rassa a Ankara da Kumasi da Tamale, ga kuma ta fadar Manhyia. Shekarar bautar ƙasa, wadda da yawa ke ɗauka shekarar jira ce, ita ce mafi dacewa da koyon ɗaya daga cikin waɗannan.

Maganar kuɗi kuma ba ta son kunya. Kada ka shiga shekarar farko ba ka san abin da zai riƙe ka a ta biyu ba, domin a ta biyun ne ake tafiye-tafiye, a biya kuɗin mota da masauki da ɗaukar hoton takardu, kuma a nan ne yawancin kundaye ke maƙalewa. Ƙofofin tallafi suna nan: hukumar tallafin karatu ta gwamnati, da asusun GETFund, da tallafin Commonwealth da Chevening na Birtaniya, da hukumar DAAD ta Jamus wadda har karatu a cikin Afirka take ɗaukar nauyi, da Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda mai shiri na musamman ga al'ummomin Musulmi a ƙasashen da ba mambobinsa ba. Kowace ƙofa da makullinta. Chevening na digirin shekara ɗaya ne, kuma yana neman shaidar aikin shekara biyu. Yawancinsu suna son sakamako mai kyau a digiri na farko, kuma na ƙasashen waje sukan rufe karɓar takardu watanni da yawa, wani lokaci kusan shekara, kafin a fara karatu. Saboda haka lissafin daga baya ake faro shi: ranar rufewa, sai wata biyu na gyaran daftarin bincike, sai lokacin karɓo takardar sakamako, sai lokacin da malaman da za su rubuta maka wasiƙar shaida ke bukata. Malamin da ba ka gaishe shi ba tun ranar yaye, da wuya ya tuna abin kirkin da zai faɗa a kanka. Da sanyin safiya ake kama fara.

Akwai kuma gida. A zango mai digiri ba na kansa ba ne shi kaɗai. Ƙanne suna jiran kuɗin makaranta, iyaye suna jiran a sauke musu nauyi. Ya kamata a zauna da su tun farko a faɗa musu gaskiya: shekara nawa, kuɗi nawa, me za a rasa kafin a gama. 'Yan'uwanmu mata nauyinsu ya ninka, domin shekarun karatun su ne shekarun da ake maganar aure. Wadda ta sa a ranta za ta yi, ta sa zancen cikin sharuɗɗan da za a tattauna kafin ɗaurin aure, iyaye kuma su tsaya mata. Akwai ɗakunan zango da mai bincike namiji ba zai taɓa shiga ba, kuma rabin tarihinmu a can yake. Attajiranmu da sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa su ma suna da rawar takawa. Ƙungiyar da ke iya shirya gagarumin biki duk shekara tana iya ɗaukar nauyin tafiye-tafiyen binciken ɗalibi ɗaya, bisa sharaɗin ya kawo mata kwafin kundinsa da taƙaitawarsa da Hausa.

Na san abin da za a ce. Wani zai ce tarihin mahauta ba ya sa tuwo a kwano. Gaskiya ne digirin bincike ba gajeriyar hanyar arziki ba ce, kuma wanda kuɗi yake nema da gaggawa gara ya kama kasuwa ko ya yi kwas na sana'a. Amma wanda ya iya tsara tambaya, ya tattara hujja, ya rubuta rahoto mai tsabta, yana da abin sayarwa a jami'a da ma'aikatu da ƙungiyoyin raya ƙasa, kuma sanin zango daga ciki ƙari ne a kan abin da abokan takararsa ke da shi. Wani kuma zai ce ana son a tsare ɗan zango a cikin zango. A'a. Wanda Allah ya ba basirar lissafi ko haɗa magunguna ya bi ta har inda ta kai shi, kuma muna alfahari da shi. Maganata ga wanda yake tsaye ne bai san inda zai dosa ba, yana shirin kwaso batun da bai shafe shi ba, alhali ga nasa a gabansa.

Suka mafi nauyi ita ce ta son kai: ɗan gida zai iya faɗar gaskiya a kan gidansu? Wannan sai mu karɓe ta da hannu biyu, domin bincike ba kirari ba ne. Wanda zai rubuta tarihin Salaga dole ya rubuta cewa kasuwar goro ce kuma kasuwar bayi ce, kuma fatakenmu suna cikin masu cinikin. Wanda zai rubuta tarihin sarauta zai ci karo da rigingimun da har yau ba a son tayarwa. Zai kuma tarar cewa zango ba na Hausawa ba ne su kaɗai: Mosawa da Wangarawa da Zabarmawa da Kotokoli da Yarbawa da Fulani da Dagomba duk sun gina shi, ko da Hausa ce ta zama harshen haɗuwarsu. Maganin son kai shi ne horon da jami'a ke bayarwa: a ji daga ɓangare fiye da ɗaya, a gwada maganar baka da takarda, a bar hujja ta yi jagora ko da ta taka sawun kaka. Tare da wannan akwai amana. Dattijon da ya ba ka labarinsa ya san abin da za ka yi da shi, kuma ya yarda. Littafin da aka fito maka da shi daga akwati hotonsa za ka ɗauka, ka mayar wa masu shi. Wanda kuma ya sayi kundi ko ya kwafi na wani, ya ci amanar iyayen da suka biya, ya kuma ɓata sunan na bayansa.

Saboda haka, ƙanena da ƙanwata da ke shirin sayen fom bana, ku dakata da mako huɗu. A na farko ku rubuta tambayarku a shafi ɗaya. A na biyu ku karanta kundaye uku da suka kusance ta. A na uku ku zauna da dattijo ɗaya ko ma'aikaci ɗaya da abin ya shafa, ku ji ko tambayar tana da ma'ana a wurinsa. A na huɗu ku rubuta wa malamin da kuke so, ku kuma zauna da iyaye a yi lissafi. Idan bayan haka tambayar tana hana ku barci, ku sayi fom da ƙarfin gwiwa. Idan kuma ta mutu a hanya, kun tsira da kuɗinku da shekarunku biyu, kuma wata za ta zo. Allah ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka, ya jiƙan malaman da suka bar mana abin karantawa.